Ƙishirwar Matan Ofis

Rana ta take tsaka a Kazaure lokacin da Injiniya Jalaluddeen ya tara ma'aikatan wata hukuma a gindin darbejiya, don ya ji irin sabon ofishin da suke so ya zana musu. Ya sa aka raba ruwan leda mai sanyi. Maza suka fasa suka kwankwaɗe. Mas'uda mai buga takardu kuwa sai ta manna nata a wuya, maƙogwaronta ya bushe ƙamas.

Ta yi shekaru ba ta shan ruwa a wurin aiki. Banɗaki ɗaya tal ne a ginin, makullinsa kuma yana aljihun shugaba. Maza sai su zagaya bayan katanga. Mace fa? Sai haɗiyar yawu har a tashi. Haka gwaggonta Dela, wadda ta tsufa a ofishin, ta koya mata. Ga shi yanzu likita ya ce wa Mas'uda ko ta riƙa shan ruwa ko ƙodarta ta lalace, har ta fara tunanin ajiye aikin da take ciyar da 'ya'yanta da shi.

Maza suna ta zuba buƙatu: wutar sola, manyan tagogi, bangon katako da za a iya turawa in ana taro. Injiniya yana rubutawa, can sai ya ɗago kai.

"Hajiyoyi, ko ruwan ne bai yi muku ba? Na ga ba wadda ta fasa nata."

Wace ce za ta faɗi wannan magana a gaban maza? Kunya ta kama Mas'uda kamar ta nutse. Sai Dela ta gyara mayafinta.

"Ɗan nan, in mun sha, ina za mu kai shi?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, da ya ga shi kaɗai ne sai ya haɗiye ta. Injiniya ya daɗe yana kallon zanensa. Sannan ya soke falon da shugaba zai riƙa karɓar baƙi, ya yi wani zane a gurbinsa.

"Ku yafe mana, Baba," ya ce wa Dela.

*

Kai, sabon ofis ya yi kyau! Iska tana shiga ta ko'ina, ga haske ba sai an kunna fitila ba. Amma Mas'uda ba nan ta fara dubawa ba. Ta wuce can ƙarshen baranda, ta tura ƙofar banɗakin mata. Babu kwaɗo. Ta murɗa famfo, ruwa ya zubo. Ta tsaya tana sa wa Injiniya albarka, shi da iyayen da suka haife shi, hawaye na bin kuncinta.

Ta kira Dela, wadda take kwance a asibiti a Kano ana yi mata wankin ƙoda.

"Gwaggo, an yi mana! Wallahi har da famfo."

"Alhamdulillahi. Allah ya saka wa yaron nan da Aljanna." Muryar ta yi ƙasa. "Ki sha har da nawa, 'yar nan. Ni yanzu likita ya ce kar in wuce kofi ɗaya."