Wuƙar Maigida

Likitan dabbobi ya soka allura a kumburin da ke gindin wuyan taguwar, ya zuƙo mugunya mai kauri. Raƙumi na bakwai ke nan da irin wannan ƙurjin.

"Sai an gwada, amma na san ciwon," ya ce. "Ta mugunya yake yaɗuwa. Wa ke tsaga musu?"

Maigida ya zaro wata tsohuwar wuƙa yana murmushi. "Ni da kaina. Da ita nake tsaga ƙurji, da ita nake yi wa 'ya'yan raƙuman shaida a kunne."

Likita ya matso, ya rage murya. "To ita ta raba musu ciwon, ranka ya daɗe."

Maigida ya mayar da wuƙar kube. Ya juya wajen makiyayinsa, wanda ya shekara ashirin yana bin raƙuman nan, ya ɗaga murya: "Ka ji ko? Likita ya ce ƙazantarka ce. Tattara komatsanka ka bar min gida."

Makiyayin ya dubi likita. Shi kuwa likita, gwanin faɗar gaskiya a gaban raƙuma, sai ya duƙa yana ta murɗa murfin kwalbar da tuni ya rufe.