Zazzaɓin da Yuguda Ya Dawo da Shi

Yuguda ya dawo daga Libiya ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ya jima yana aiki a gonakin zaitun na bakin teku kafin jirgi ya kwaso su shi da sauran 'yan ci-rani ya sauke a Kano, mota ta ƙarasa da shi ƙauyensu kusa da Ɗanbatta. Yayarsa Barira, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta fara lura ba ƙalau yake ba. Bai yi sati ba zazzaɓi ya kama shi, kansa kamar zai tsage, wuyansa ya sandare, hasken rana ma ba ya son gani. Ta sayo masa maganin maleriya a kemis, ya sha, shiru.

Duk da haka ya nace sai ya bi mutanen gidan gona, kada a ce ya dawo da girman kai. Da hantsi Baffa Nababa, ƙanin mahaifinsu, ya dafa kafaɗarsa yana ce masa ya je inuwa ya huta. Yuguda ya juyo ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya yi ƙara da Larabci, ya ɗaga fartanya ya sare shi a fuska. Tsohon ya faɗi cikin kunyar gyaɗa, jini ya jiƙa masa riga.

Kafin Barira ta ajiye ƙwaryar furar da ta kawo, mazan gonakin maƙwabta sun rufe Yuguda da duka. Wani da sanda, wani da ƙotar fartanya. Suna duka suna cewa ƙwaya ya koyo a can. Ya ciji wani a hannu har sai da ya cire tsoka, suka danne shi suka ɗaure da igiyar jaki, ba su fasa dukan ba.

Barira ta kutsa ta faɗa kansa ta kare shi. Sanda ta sauka a hannunta, ta ji ƙashin ya karye. A nan ta ji jikinsa zafi kamar garwashi, yana karkarwa, idanunsa sun juye.

"Ku taɓa shi ku ji," ta ce. "Mara lafiya kuke kashewa."

Babu wanda ya taɓa shi, amma suka ja da baya. Mota ɗaya ta kwashi su ukun zuwa Kano, Baffa a gaba an naɗe masa kai da zani, Yuguda a baya a ɗaure.

A asibiti likita ta ɗebi ruwa daga ƙashin bayan Yuguda, ta yi ta tambayar Barira inda ya zauna. Ta ce a ƙasashen bakin tekun nan akwai wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro ba, cizonsu kan sa wa mutum ƙwayar cuta. Yawanci zazzaɓi ne ya wuce, amma wani lokaci takan hau ƙwaƙwalwa ta kumbura ta, mutum ya kasa gane nasa. Abin da take zargi ke nan.

Yuguda ya farfaɗo bai tuna komai ba. Kunnensa ɗaya ya daina ji, likita ta ce ba za ta iya tantance ko cutar ce ko dukan ba. Ya ga hannun Barira a ɗaure ya ce, "Yaya, wa ya yi miki haka?" Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba.

Baffa ya rasa ido ɗaya. Da Yuguda ya je ya durƙusa a zaurensa yana kuka, tsohon ya ce ya yafe duniya da lahira, lalura ce. Amma da damina ta zagayo sai ya sa aka raba gonar gidan, aka dasa aduwa a tsakani. Barira ta koma kai fura gona biyu.