Sau Ɗaya Ko Sau Biyu

Seok Gwi-rye ta shekara ashirin da shida tana tuƙi, ba ta taɓa gogar motar kowa ba, ba a kuma taɓa gogar tata ba, sai wata Talata a ƙarshen watan Nuwamba. Jatan lande mai gishiri take sayarwa a kasuwar Mokpo, kuma lokacin ne kakar cinikinta, don kowane gida yana haɗa kimcin hunturu, wato kabejin da ake tsimawa da gishiri da yaji da jatan lande. Da sassafe ta je Sinan ta ɗauko robobi huɗu cike, ta jera su a bayan motarta, ta kamo hanyar gida ana yayyafi. Tana tafe tana waya da 'yarta Mi-ran ta lasifikar mota, tana yi mata faɗa a kan gishirin da ta labta wa kabeji. Ana cikin haka wata barewa ta faɗo titi. Gwi-rye ta taka burki iya ƙarfinta, barewa ta tsallake ta shige gona, sai ta ji an yi sama da ita daga baya.

Da ta fito tana riƙe da wuya, ta tarar motoci uku ne manne da juna. Tata ce a gaba. A tsakiya akwai tasi, ta lotse gaba da baya. A ƙarshe wata tsohuwar motar kaya ce, albasar da ta ɗauko ta watse har cikin kwalbati. Direban tasin, wani gajere mai suna Bang Tae-ho, bai ko tambayi lafiyarta ba, ya hau masifa yana cewa mace ta tsaya a tsakiyar titi kamar a tsakar gidanta. Mai albasar kuwa, Eom Jae-pil, dogo ne mai furfura, goshinsa na jini amma sai sunkuyawa yake yana ba kowa haƙuri, har da albasar.

Likita ya ce jijiyoyin wuyanta sun murɗe, ya ba ta gado na mako biyu. Washegari ma'aikacin inshora ya zo, ya zauna a bakin gadon da takardunsa. Ya fara kwantar mata da hankali cewa ita ba ta da laifi, duk wanda dabba ta faɗo wa dole ya tsaya, kuma na baya ne ke da alhakin barin tazara. Kuɗin magani da gyaran mota duk za a biya. Abin da ba a sani ba shi ne wanda zai biya.

"Inna, tambaya ɗaya ce tak," in ji shi. "Sau nawa kika ji an buge ki? Sau ɗaya ko sau biyu?"

Gwi-rye ta ce me ya shafi adadi, wuyan dai ɗaya ne. Ya yi murmushi ya yi mata bayani. Idan sau ɗaya ne, to tasi ta tsaya lafiya, motar albasa ce ta zo ta ingiza ta, laifin duka na Eom ne. Idan kuwa sau biyu ne, tasi ce ta fara bugunta sannan aka bugi tasin, sai a raba laifin, Bang ya ɗauki nasa kason. Bang ya rantse ya tsaya. Eom ya ce kamar ya ga tasin ta taɓa kafin ya iso. Kyamarar tasin tana wurin gyara tun kwana biyu kafin nan, motar albasa ba ta taɓa samun kyamara ba, tata kuwa da aka buɗe sai aka ga rabonta da ɗaukar hoto tun bikin Mi-ran.

Ta buɗe baki za ta ce ɗaya, sai ta ji biyu na yi mata yawo a ka. Ta ce ya ba ta lokaci.

Abin ya tsaya mata a rai fiye da ciwon. Ita da take iya gaya maka tsibirin da aka kamo jatan lande da ta ɗanɗana shi, a ce ba ta san sau nawa aka dake ta ba? Takan rufe ido ta mayar da kanta kan titin. Tana ganin barewar, tana jin ƙafarta a kan burki, daga nan sai komai ya cakuɗe.

Maƙwabciyar gadonta, wata uwargida Do, wannan ne hatsarinta na huɗu, kuma ta san dokar hanya fiye da yadda ta san sunayen jikokinta. Ta ce wa Gwi-rye ta daina wahalar da kanta, ta ce biyu kawai, kamfanoni biyu su yi ta kokawa a kanta, ita tana kwance ana gasa mata wuya. Ta ƙara da cewa a ɗakin nan ba mai warkewa sai an sa hannu a takardar sulhu.

"Ƙanwata, ki zuba ido," in ji ta. "Kafin jibi za ki ga baƙi. Yau ke ce alƙali."

Ba ta yi ƙarya ba. Eom ya zo da kwalin ruwan 'ya'yan itace, goshi a naɗe. Ya raba wa duk 'yan ɗakin, ya zauna a gefen kujera, ya tambayi wuya, ya tambayi kasuwa, ya ce ya san bai kyauta ba da ya raba ta da rumfarta a irin wannan lokaci. Bai ambaci ɗaya ko biyu ba har ya tafi. Sai a bakin ƙofa ya ce motar nan ita ce gonarsa ita ce shagonsa, kuma in aka ɗora masa komai bai san ko inshora za ta sake karɓarsa a farashin da zai iya ba.

Bang ya zo hannu rabbana, da abin tallafe wuya irin nata. Ko zama bai yi ba. Ya ce saura wata biyar ya cika shekarun da ake nema ba tare da laifin hatsari ba, ya samu lasisin tasi ta kansa ya huta da kamfani, kuma ba zai yarda mantuwar wata tsohuwa ta rushe masa ba. Ya ce ya tsaya, har ya ga lambar motarta ƙarara a gabansa, ya ma haddace ta. Ya karanto lambar, ya yi kuskure a ɗaya. Da ya fita uwargida Do ta ce wannan ko don bakinsa ya cancanci biyu.

Gwi-rye ma zuciyarta can ta karkata. Amma duk lokacin da ta yi niyyar kiran ma'aikacin inshora sai ta ajiye wayar, don ba faɗar take so ba, sanin take so.

Ran Asabar Mi-ran ta kawo mata miyar ganyen teku. Uwar ta tambaye ta ko ita da take kan waya ta ji wani abu. Mi-ran ta ce ita dai ihu ta ji, ta rikice. Can tana wanke cokali sai ta tsaya cak. Ta ce wayarta ai tana naɗar duk kiran da aka yi, ta saita haka ne saboda masu odar kaya da ke musanta maganarsu.

Suka haɗa kai a kan wayar, uwargida Do ta jawo kujera. Muryar Gwi-rye ta fito tana cewa wannan gishirin ko teku aka zuba wa ya yi yawa. Sai ihu, sai ƙarar burki, sai wani dum mai nauyi. Bayan ɗan lokaci kaɗan wata ƙara mai ƙarfi ta biyo, da fashewar gilashi.

Uwargida Do ta tafa hannu ta ce biyu ne, magana ta ƙare, a kira yaron inshora. Mi-ran ma ta ce biyu. Gwi-rye ta ce a maimaita. Aka maimaita. Ta ce a sake. Ta karɓi wayar ta manna a kunne, ta saurara har sau shida, miya tana hucewa.

Abin da ya dame ta yana tsakanin ƙarar farko da ta biyu. A nan ana jin muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa "ta wuce", ba kamar wadda aka buga ba. Bayan maganar kuma ana jin tayoyi suna ƙugi a jiƙaƙƙen titi daga baya, suna matsowa, suka yi shiru, sannan wasu tayoyin masu kauri suka ɗauka. Idan tasi ta riga ta buge ta a dum ɗin farko, to tayoyin wa ke ƙugi bayan haka? Kuma dum ɗin bai yi mata kama da ƙarfe a kan ƙarfe ba. Ta san wannan sautin, ta dai rasa daga ina.

Ta tambayi Mi-ran yadda ta tarar da robobin da ta je kwasowa. Mi-ran ta ce uku suna jere a wurinsu, ɗaya kuwa ta same ta can gaba, manne da bayan kujerar direba, murfinta a tsage. Gwi-rye ta tuna. Robar ta huɗu ba ta samu shiga layi ba, ta ajiye ta ita kaɗai a tsakiya, ta ce ai tafiyar ba nisa.

Ran Lahadi da rana ta nemi izinin fita na awa biyu, ta ce za ta yi wanka a gida. Inshora ta ba su motar haya irin tata sak, Mi-ran ke yawo da ita. Suka ɗauki mijin Mi-ran, suka je filin ajiye motoci na bakin tashar jiragen ruwa, wanda ba kowa a cikinsa ran Lahadi. Suka cika roba da ruwa, suka ajiye ta a tsakiya kamar ranar. Mi-ran ta hana uwar tuƙi saboda wuya, don haka mijin ya hau, Mi-ran kuma ta kira shi a waya daga waje don a naɗa yadda aka naɗi na farko. Ya yi gudu kaɗan ya taka burki a hankali, roba ba ta motsa ba.

"Taka shi kamar mutum, surukina," in ji Gwi-rye. "Barewa ce a gabanka, ba ɗan sanda ba."

A karo na uku ya taka da gaske. Roba ta zame ta daki bayan kujera, ruwa ya jiƙa masa ƙeya. Suka kunna sabon naɗin, suka kunna tsohon. Dum ɗin ɗaya ne, har ɗan kwaramniyar murfi da ke biyo baya. Gwi-rye ta tsaya a cikin iskar teku tana dariya, wuyan yana hana ta, ta ce ashe kayanta ne suka fara dukanta.

Murnar ba ta kai ta asibiti ba. A hanya ta tuna cewa a kan Eom amsar za ta faɗa. Uwargida Do ta ce ba wanda ya tambaye ta labarin roba, ta miƙa tsohon naɗin kawai ta yi shiru, duk mai kunne zai ƙirga biyu da kansa. Gwi-rye ta juya maganar yini guda. Ta ga in ta yi haka, duk ranar da ta ɗora roba a mota sai ta tuna.

Kafin ta kira inshora sai ta kira Eom, ta ce ya zo. Ta kunna masa duka biyun, ta nuna masa inda tayoyin tasi suka yi shiru da inda nasa suka ɗauka. Ya saurara kansa a ƙasa. Sannan ya ce gaskiya shi bai ga ko tasin ta taɓa ko ba ta taɓa ba. Gilashinsa ya yi tururi, ya miƙa hannu zai goge, da ya ɗago jan fitilun burkin tasin kawai ya gani a gabansa. Ya yi ta gaya wa kansa ya gani har ya fara yarda.

"Na so a ce biyu ne, ɗan'uwa," in ji ta. "Na nema, ban samu ba."

Ya ce ba komai, da a ce shi ne a tsakiya haka zai so a yi masa. Ya tashi ya sunkuya, ya manta hularsa, sai da Mi-ran ta bi shi da ita.

Ma'aikacin inshora ya ce a shekarunsa na aiki ba a taɓa kawo masa shaida da robar ruwa ba. Ya tura naɗin biyu ga masu bincike, suka haɗa da yanayin lotsewar motocin, aka ɗora laifin duka a kan motar albasa. Gwi-rye ba ta cika mako biyun ba. Ran kwana na tara ta ce wuyan yana juyawa, ta karɓi abin da aka yanka mata ba ja-in-ja, ta koma rumfa da sauran kwanakin kaka, tana zuwa a yi mata allurai sau biyu a mako. Uwargida Do ta ce ba ta taɓa ganin mai asarar gado irinta ba. Eom bai rasa motarsa ba, amma inshorarsa ta yi tsada, ya koma ɗaukar kaya har ran Lahadi.

Bang bai kira ba, bai aiko ba. Sai a watan Mayu, ta fito daga wurin allura ta tare tasi, ta shiga ta ga ƙeyar da ta sani. Motar sabuwa ce, tasa ta kansa. Ya dube ta a madubi ya gane ta. Tun daga nan har kasuwa yana ba ta labarin yadda ya gaya wa kowa tun ranar farko cewa ya tsaya, ba wanda ya saurare shi. Ta ce masa ya bi ta bakin ruwa ya fi kusa, ya ce shi ne direba. Da suka isa ya fito ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, yana kallon wani wuri, ya ce ta sauka a hankali, akwai rami a nan.