Buɗe, Umma, An Wuce

Tana cikin ɗaure notin hannun tabaran Yaya sai ya sake jawo zancen, wai fim ɗin nan da ake ta zuzutawa ba komai ba ne illa tallar aikin soja da aka yi wa kwalliya da kiɗa. Mai Tabarau ba ta ko ɗago kai ba. Ta san halin yayanta. In an cire masa gilashi ko ƙofar shagon ba ya gani, amma bakinsa sai ya hango abin da ke bayan gari. Tun da ya ajiye tuƙin bas ba shi da aikin da ya wuce ya zo ya mamaye kujerar masu gwajin ido, ya yi ta yanke wa duniya hukunci.

"Kin tura yaro makarantar yaƙi da hannunki," in ji shi. "Ni da tsufana da ciwon gwiwata, da na fito daga silimar nan sai da na ji kamar in nemi bindiga."

"Da idona na gani, Yaya," ta ce, tana hure ƙurar gilashin. "Kuma ido sana'ata ce."

A kan Auta ake maganar, ɗanta namiji tilo, wanda ya gama karatun gyaran lantarki bara, ya ƙi zaman shago, ya kafe kai da fata sai soja. Gobe da sassafe aka ce masu neman shiga su hallara a bariki a tantance su. Babu abin da ba ta gwada ba. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta daina amsa gaisuwarsa, ta sa yayyensa mata sun kira shi daga gidajen aurensu sun yi masa tatas. Yaron nan ko a jikinsa. Sai ya saurara da ladabi, ya ce to, gari na wayewa ya ɗaura takalmi ya fita gudun motsa jiki. Halin ubansa ne sak, Allah ya jiƙansa, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai kuma taɓa fasa abin da ya yi niyya ba.

Sai makon jiya mai kemis ɗin da ke maƙwabtaka da shagonta ta ja ta silima, ta ce lallai sai ta ga sabon fim ɗin babban daraktan nan da ya kwaso lambobin yabo. Mai Tabarau ta fito da kumburarrun idanu da kuma dabara. A fim ɗin akwai wata tsohuwa da ɗanta ya tafi yaƙi, ta daina sa wa ƙofarta sakata don kada ya dawo ya tarar da ita a rufe. Duk wanda ya kalli tsohuwar nan bai ji a jikinsa ba, to dutse ne, ita kuwa ba dutse ta haifa ba. Shi ya sa yau ta yanki tikitin kallon rana, ta damƙa wa Auta ba ta ce masa uffan ba, ta zo ta buɗe shago hankalinta kwance. Har ta fara duba inda za ta sa masa teburin gyara a kusurwar shagon, kusa da madubi.

Mai kemis ta jiyo muryar Yaya ta bango, ta leƙo da farar rigarta ta aiki. Ba ta taɓa bari a ci mutuncin daraktan nan a gabanta ba. Ta ce a rediyo ma an faɗa, ba a taɓa yin fim ɗin da ya tona asirin yaƙi kamar wannan ba, ita kanta sai da ta jiƙa hankici sharkaf. Yaya ya ce masu rediyo da masu raba lambar yabo babu wanda yake da ɗa mai jini a jika a gida. Ta ce matsalarsa bai san fasaha ba. Ya ce ai fasahar ce matsalar, mutumin ya iya ɗaukar hoto har mutuwa ma kyau take yi a hannunsa. Suka yi ta ja, har wani dattijo da ya zo karɓar gilashin karatu ya sa baki daga bakin ƙofa, ya ce shi dai barci ya sha, fim ɗin ya cika tsawo. Mai Tabarau ta sa masa gilashinsa, ta miƙa masa jarida ya gwada, ta sallame shi. Ba ta ga amfanin musu a kan abin da kowa zai gani nan ba da jimawa ba.

"Ke da ko kaza ba kya iya kallon an yanka," Yaya ya ce, yana maƙala tabaransa, "ke ce za ki ba ni labarin fim ɗin yaƙi?"

Wannan kam gaskiya ce, kuma tsohon abin tsokana ne a gidansu. Ba ta iya ganin jini. Tun Auta yana ƙarami, in suna kallo a falo aka zo wurin faɗa, sai ta runtse ido ta cusa fuska cikin mayafi, shi kuma ya tsaya gadi. In wurin ya wuce ya taɓa mata gwiwar hannu ya ce, "Buɗe, Umma, an wuce." Har ya yi gemu bai ajiye wannan aikin ba. Ta yi murmushi kawai, ta ce wa Yaya ya gyara zama ya sha kallo.

Bayan azahar Auta ya shigo. Tun daga takunsa ta ji wani abu bai yi mata ba, don ba haka wanda ya sha kuka yake tafiya ba. Ido na ƙyalli, baki har kunne. Ya gaida Kawunsa, ya gaida mai kemis, sannan ya zagayo bayan tebur ya durƙusa ya kama hannun uwarsa.

"Na gane, Umma. Na gode. Da ma na san ba za ki iya faɗa da baki ba, shi ya sa kika tura ni in gani."

"Me ka gane?"

"Kin yarda ke nan."

Yaya ya kama tari, irin wanda ake yi in dariya ta sarƙe mutum. Mai kemis ta zauna a kan benci ba shiri. Ita kuwa Mai Tabarau ba ta bari komai ya nuna a fuskarta ba. Ta tambaye shi a natse ko ya ga tsohuwar da ba ta sa sakata. Ya ɗan yi tunani. Ya ce ya ga wata tsohuwa tana share ɗaki, sai dai wuraren nata sun cika sanyi, ba magana ba motsi, shi kuma abokansa na ta turo saƙo a kan shirin gobe, sai ya riƙa amfani da lokacin yana ba su amsa. Nan take ya juya mata tambayar. Ita ta ga inda sajan ya koma cikin ruwan harsashi ya jawo yaronsa a kan bargo? Ta ga mai gyaran rediyon da ya haɗa waya da haƙori ana harbi?

Ba ta gani ba. Ta laluba ƙwaƙwalwarta, ba ta samu komai ba sai ƙara da ihu da ƙanshin turaren mayafinta.

"Gaskiya fa, maƙwabciya," mai kemis ta ce a hankali, "kusan rabin fim ɗin kanki yana cikin mayafi. Ni na ɗauka kuka kike yi."

A nan zancen ya warware kansa. Ranar da ta je silima ba Auta a gefenta, mai kemis kuwa ba ta san akwai wani aikin gadi ba. Da an fara harbi sai ta rufe ido, ba ta buɗewa sai ta ji ɗakin ya yi tsit, wato sai an koma kan tsohuwa. Shi kuma ɗan nata da zarar wuri ya yi tsit sai hannunsa ya tafi aljihu neman waya, halin da ta daɗe tana mita a kai. Ta kalli fim ɗin uwa, ya kalli fim ɗin sojoji, kowa ya fito yana rantsuwa ya ga fim. Kunya ta kama ta, ita da take zaunar da manyan mutane ta ce su karanta layin ƙasa na allon gwajin ido.

Amma ba macen da za ta zauna tana jinyar kunya ba ce. Ta ɗauki makullai, ta ce wa Yaya ya tashi za ta rufe shago. Yaya ya buɗe baki, don ko ranar da aka cire mata haƙori ba ta rufe da rana ba. Ta miƙa wa Auta tafin hannu.

"Kawo wayar."

"Umma, ai na gani."

"Rabi ka gani, ni ma rabi. Akwai kallon yamma. Ni ba zan rufe ido ba, kai ma ba za ka sunkuya ba. In mun fito sai mu yi maganar gobe."

Ya ba ta. Ta kashe, ta jefa a jaka, ta ja zif.

Ɗakin silimar da sanyi, mutane tsilla-tsilla. Ta zaɓi tsakiya, ta naɗe mayafinta a kafaɗa ta danne bakinsa da jaka don kada hannu ya yi abin da ya saba. Da aka fara harbi ta damƙe hannun kujera har yatsunta suka yi ciwo. Ta ga jinin, ya kuma fi yadda take tsoro. Sai dai ba shi kaɗai ta gani ba. Ta ga samari a cikin rami suna karɓa-karɓar safa ɗaya busasshiya suna dariya. Ta ga sajan ya koma, ba wanda ya ce ya koma. Ta ga mai gyaran rediyon, siriri mai dogon wuya, ya cije waya yana murɗa ta da yatsa biyu, daidai yadda Auta yake yi in fankar falo ta tsaya, sannan ta ga yadda sauran suke kallonsa, kamar ransu duka a hannunsa yake. Ba wanda ya taɓa yi wa ɗanta irin wannan kallon a kusurwar shagon tabarau, kuma ba wanda zai yi. Ta ji haushin daraktan har wuya. Yaya bai yi ƙarya ba, mutumin ya sa abin ya yi kyau.

Sai ƙarar ta ɗauke, aka koma gidan tsohuwa. Ta gefen ido ta ga hannun Auta ya tafi aljihu, ya dawo wayam. Ya gyara zama, ya sake gyarawa. Tsohuwar ta share ɗakin ɗanta, ta kaɗe filo, ta tura ƙofa ta bar ta a sakaye. Kwana ya bi kwana a allon, ba magana. Can aka ji tsayuwar mota a waje. Tsohuwar ta miƙe da sauri ta ɗora ruwan zafi, ta gyara ɗankwali, ta tsaya tana jiran a turo ƙofar da ba ta rufe ba. Sai aka ƙwanƙwasa. Ɗanta ba zai ƙwanƙwasa ba.

Numfashin Auta ya sauya. Da ta juya sai ta ga ya sunkuyar da kai, ya runtse ido gam. Tausayinsa ya kama ta, har ta so ta ƙyale shi. Sai ta taɓa masa gwiwar hannu.

"Buɗe," ta ce. "Wannan ba ya wucewa."

Ya buɗe, ya kalla har ƙarshe.

Sun fito rana ta yi sanyi, masu tashi daga aiki sun cika tashar bas. Suka tsaya a layi. Ita ce ta fara magana, ta ce daraktan nan gwani ne amma ba shi da tausayi, kuma gobe za ta gaya wa Kawunsa da mai kemis duk su biyun sun yi gaskiya, ko da yake ta san ba wanda zai gode mata. Auta ya ce shi ba ya son ya sake ganin fim ɗin nan har abada. Bai ce ya fasa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta zuge jaka ta miƙa masa wayarsa, ya karɓa ya sa a aljihu bai kunna ba.

"Zan tashe ka da asuba," ta ce. "In ka tashi, ƙafar taka ce."

Faɗar wannan ta yi mata ciwo fiye da duk jinin da ta kalla. Ya juyo ya dube ta.

"Umma, in na tafi, wa zai riƙa ce miki an wuce?"

Ta gyara mayafinta a kafaɗa.

"Yau ka ga na rufe?"

Bas ta tsaya a gabansu. Ya karɓi jakarta, ya tare mata masu turereniya, ya bari ta fara shiga.