Tsayuwar Bishiya a Hawa na Huɗu

…goma sha ɗaya, goma sha biyu. Dinkar na ƙirgawa a zuci. Ga matarsa Sulabha a tsakiyar falo kan ƙafa ɗaya, ƙafar da aka sa wa ƙarfe ma, tafin ɗayar manne da cinya, hannuwa haɗe bisa kai. Tsayuwar bishiya, in ji masu motsa jiki na yoga. Shi shekara arba'in tsayuwar zalɓe yake ce mata. Mutumin da ya koyar da kimiyya a nan birnin Pune har ya yi furfura ai ya san ba wata bishiya a ciki, nauyi ne ya sami wurin zama, shi ke nan…

Sha tara. Ko gezau.

Ketaki, 'yarsu, na bakin ƙofa da waya tana duba lokaci. Sharaɗinta minti ɗaya. In uwar ta kai, a bar su a gidansu, hawa na huɗu, matakala sittin da shida. In ta sauke ƙafa, su tattara su bi 'yar zuwa birnin Bangalore, su zama baƙi a gidan suruki…

Ranar da Sulabha ta faɗi, albasa na gangarawa ɗaya-ɗaya a matakala — ita tana kwance, ƙugu a karye, tana ce masa ya tsince kar a taka. Wata biyar ke nan. Kullum da safe tana gwada tsayuwar, tafin hannu a bango, sai yatsa uku, sai ɗaya, sai babu. Shi yana bayan jarida yana cewa ƙashi ba ya jin wa'azi.

Talatin da huɗu. To, ba laifi. Dubi idon sawun nan, yana ta 'yan gyare-gyarensa, sama kuwa shiru kamar an dasa ta. Shekararta saba'in da ɗaya. Ba laifi ko kaɗan.

Mai wannan tsayuwa sai ya kafa ido kan abin da ba ya motsi. Kullum ƙusar kalanda take kallo. Yau, kafin ta ɗaga ƙafa, sai cewa ta yi, "Malam, zo tsaya nan, kai zan kalla. Tun da na aure ka ban ga wanda ya iya gusar da kai ba."

Maɓallin rigarsa na biyu. Nan idonta yake.

Arba'in da takwas — gwiwarsa ce ke rawa haka? Sandarsa na jikin kujera, taku biyu. Shekaranjiya ya gwada abin a banɗaki a ɓoye, yana kai uku ya rungumi famfo. Ba wanda ya sani. Ko Ketaki ta sani? Me ya sa ta bar duba wayar, shi take kallo?

In ya miƙa hannu, maɓallin ya gusa. In ya gusa…

Hamsin da ɗaya. Ko da biyu ne? Tsaya, Dinkar. Ƙafa biyu gare ka — tsaya mana…