Lakar Partago

Kamila, 'yar maƙwabciyata a Guéma, karatun laka ta yi, kun ji. Ta zaro laka cikin bututu daga ƙasan tsohon tafkin Partago, wai a jikin lakar ake gane damina da fari na zamanin da. Bayanta aka yashe tafkin, babu sauran irinta.

Ta sa bututun a firigo ke nan, mahaifinta ya rasu.

Ranar sadakar uku gwaggonta Zali ta ce, "'Yar nan, ruwan baƙi na sa a firigo. Bututun naki kuwa duk ƙazanta, na wanke miki shi tas."

Kamila ta dubi lakar tana bin kwata.

"Sannu da aiki, Gwaggo," ta ce, ta ci gaba da raba goro.