Sumar Mista Brandvold

…ni da Mista Brandvold, babban manajan kulob ɗin besbol na garin nan, yake zama a kujerata duk bayan mako biyu, ni za a kawo wa jita-jitar rediyo? Ni, Delmar? Shekara talatin da ɗaya da almakashi a hannu, Loretta matata, ke shaida ce — babu sirrin da ya taɓa shigowa garin nan bai fara biyowa ta shagon askina ba. Mutum in ya ji sanyin reza a wuya, bakinsa buɗewa yake yi.

Ga Hollis nan, tsohon direban bas, ya baje da kumfa rabin fuska, wai, “Wanzami, rediyo ta ce muna neman mai tsaron tasha ta uku.” Muna! Shi da wa? Mutumin da ko ƙwallon besbol aka miƙa masa a faranti sai ta faɗi. Tun safe abu ɗaya: ana nema, an kusa, wata majiya ta ce… wace majiya? Yau ƙarfe shida ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa, yanzu uku da kwata, kowa ya kama bakinsa mana!

Ai muna da mai tsaron tasha ta uku a filin besbol. Eladio. Mijin 'yarmu Nadine. Eh, na sani, wata biyu ke nan sandarsa da ƙwallo ba sa ga-maciji, sai ya kai duka ya daki iska, iskar ma ta gaji — amma wa ke cafe ƙwallo kamarsa? Wa?

Kar ki dube ni haka daga cikin hoton nan, Loretta.

Nadine a kicin, mako uku da suka wuce, ciki wata takwas, ga kwalaye babu komai a ciki. “Baba, in fara haɗa kaya ne?” Muryar nan… irin wadda ta tambaye ni da ita ko za ki dawo daga asibiti. Ranar ma ce mata na yi eh. To me zan ce? In ce ɗauki jikana tun bai ga duniya ba ki kai shi inda sai na hau jirgi? Sai na ce, “Mayar da kwalayen nan. Mista Brandvold da bakinsa ya gaya mini, ina tsakiyar yi masa aski: Eladio ba ya zuwa ko nan da can.”

Da na tsaya nan, da lafiya. Amma labari ba ya tafiya tsirara, dole a yi masa riga. Suma ce da mutumin, na ce mata, kamar tunkiyar da ta shekara ba a sausaye ta ba. Almakashi biyu na karya a ciki. Hollis ya ce wancan makon uku na ce — shi wa ya naɗa shi mai ƙirga almakashina?

Ta yi dariya, Loretta. Ta mayar da kwalayen. Ta yi wa ɗakin jariri fenti ruwan ɗorawa, da kanta, ga ciki ga tsani. Uwar Eladio ma nan garin za ta sauka daga Santo Domingo, zaman jego.

Duk bayan mako biyu… to, ba kullum ba. Mista Brandvold mutum ne mai hidima. Sau ɗaya dai — ya wuce ta ƙofar shagon, ya ɗaga mini hannu. Ko kuwa mota irin tasa ce? A jarida dai na san fuskarsa sarai, kullum da hular hana-salla a ka, kuma duk wanda ke da gira irin wannan ai dole…

Ƙararrawar ƙofa. Nadine, da burodi da nama a takarda, tana numfashi sama-sama. Zafi ya hana ta zuwa fili, gara ta kalli wasan a talabijin ɗina. Zauna, 'yar Baba, ɗora ƙafa. Wasa ya kai zagaye na biyar. Hollis, ɗaga haɓa.

Wane ne wancan a tasha ta uku?

Ba lambar Eladio ba ce. Wani yaro ne mai dogon wuya. An cire shi a tsakiyar wasa? Bai ji ciwo ba, ina kallo, ko tuntuɓe bai yi ba… hutu ne. Rana ce. Koci yana tausayinsa. Mai kyamara, me kake nema a rumfar 'yan wasa, ga wasa can a fili?

Suna rungumar Eladio.

Ɗaya bayan ɗaya. Mai jifa, mai cafewa, har tsohon nan mai kwasar sanduna. Kowa ya san abin da runguma take nufi a rana irin ta yau, ɗan yaye ma ya sani — a'a, wataƙila murnar ranar haihuwarsa ce. Watan Janairu aka haife shi. To, murnar wani abin. Hollis ya daina tauna cingam. Wayar Nadine tana ta rawa a kan cinyarta, ba ta ɗauka. Rubutu yana gudu a ƙasan allo: an samu sabon mai tsaron tasha ta uku, an ba da Eladio ga wani kulob can gaɓar yamma, awa biyar a jirgi, gobe zai…

Zan ce ra'ayi ya canja. Manya haka suke, yau su ce fari gobe baƙi. Zan ce Mista Brandvold yaudarata ya yi, ba zai ƙara zama a kujerata ba, ko da kuka ya zo! Yauwa. Wannan zai tsaya da ƙafarsa. Ga shi ma an kawo shi gaban kyamara, yana gumi, wai shawara ce mai wuya — yi gumi, munafuki, yi…

Bar hular nan. Malam, bar ta a inda take. Don Allah.

Ya cire. Yana share kai da hankici.

Ƙwai, Loretta. Dafaffen ƙwai da aka ɓare. Har fitilar kyamara tana sheƙi a kai. Ba aski ba ne, ni na san aski. Wannan kan ya rabu da gashi tun kina raye.

Hollis ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi Nadine, ya rufe.

“Baba.” A hankali, ko juyowa ba ta yi ba, a madubi take kallona. Har yanzu akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa a farcenta. “Almakashi nawa ka ce ka karya?”

Biyu… uku… akwai amsa, kullum akwai amsa, shekara talatin da ɗaya ban taɓa rasa ta ba. Kumfa tana bushewa a fuskar Hollis. Kwalayen nan — a ina ma na ce ta ajiye su?